Tallafin Ƙasashen Waje da Ɗorewar Ci Gaba: Nazari a kan Ƙaramar Hukumar Konduga, Jihar Borno

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci tallafin da ƙasashen waje suka bayar a Ƙaramar Hukumar Konduga daga shekarar 2015 zuwa 2025, domin gano dalilin da ya sa agajin da ya ceci rayuka bai zama ci gaba mai ɗorewa ba. An dogara da bayanan hukumomin gwamnati da na masu ba da tallafi, aka auna su da ƙa'idojin Yarjejeniyar Faris ta 2005. Maƙalar ta gano cewa yawancin tallafin ya tafi ga ciyarwa ta shekara-shekara, alhali gona da ruwan noma da hukumar da za ta riƙa kula da su ba su sami kaso mai tsoka ba.

1.0 Gabatarwa

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan amfanin tallafin waje. Jeffrey Sachs a 2005 ya ce kuɗin ne bai isa ba, a ƙara. William Easterly a 2006 ya ɗora laifin a kan masu tsara wa talaka rayuwa daga nesa, ita kuwa Dambisa Moyo a 2009 cewa ta yi tallafin kansa ne ya gurgunta Afirka. Dukkansu magana suke a kan ƙasa ɗungurungum. Wannan nazari ya zaɓi ya sauko ƙasa, ya dubi ƙaramar hukuma ɗaya, domin a nan ne ake gane ko kuɗin da aka yi alkawari a taron masu ba da tallafi na Oslo ya zama shuka a gonar wani.

Konduga ta dace da wannan aiki. Hedikwatarta na kan hanyar Maiduguri zuwa Bama, kogin Ngadda ya ratsa yankin, kuma madatsar ruwa ta Alau tana cikinta. Mutanenta manoma ne da makiyaya da masunta. Ta sha hare-haren Boko Haram tun daga kisan masallata a watan Agustan 2013, zuwa harin Kawuri a Janairun 2014, da na garin Konduga a Fabrairun 2014, da na Dalori a 2016, da na Auno a 2020. A lokaci guda kuma ita ta karɓi baƙuncin sansanonin Dalori, inda dubban mutanen Bama da kewaye suka fake.

2.0 Ma'aunin Nazari

Yarjejeniyar Faris ta gindaya sharuɗɗa biyar: ƙasar da ake taimaka wa ta mallaki shirin, tallafi ya bi tsarinta, masu bayarwa su haɗa kai, a auna sakamako, kowane ɓangare kuma ya ba da bahasi. A 2016, a taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul, manyan masu ba da agaji sun ƙara da alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Ba a cika wannan alkawari ba, ko kusa.

3.0 Kuɗin da Aka Tara da Inda Suka Nufa

Ƙididdigar da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016 ta ƙiyasta ɓarnar da rikicin ya yi a Arewa maso Gabas a kan kusan dala biliyan 9, kuma kimanin kashi biyu bisa uku a Borno ne. A Fabrairun 2017 aka yi alkawarin dala miliyan 672 a Oslo domin Najeriya da yankin Tafkin Chadi, a Satumbar 2018 kuma sama da dala biliyan 2 a Berlin. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2017 domin farfaɗo da yankin.

Dole a faɗi gaskiya a nan: wannan agaji ya hana aukuwar mummunar yunwar da aka yi fargaba a 2017. Duk mai sukar tallafi da ya tsallake wannan bai yi adalci ba. Sai dai tsarin agajin gaggawa na shekara ɗaya ne. Kowace shekara a rubuta sabon ƙoƙon bara, a jira abin da zai shigo, a ƙulla kwangilar watanni. Irin wannan kuɗi yana iya sayen gero da wake da man girki. Ba zai iya haƙa magudanar ban-ruwa ba, domin ita sai an shekara uku ko huɗu kafin a ga amfaninta, sai kuma an sami mai yashe ta bayan an tafi.

4.0 Manomin da Ya Zama Mai Kati

A sansani irin na Dalori, darajar magidanci ta koma kan katin karɓar abinci. Ranar rabo za ka ga mata sun yi layi tun da sassafe, kowace da katinta a ƙulle a bakin zane, ana duba sunanta, ana auna mata hatsi gwargwadon yawan bakin da ke gidanta. Mijinta, wanda a da shi ke cika rumbu, yana zaune a inuwar tanti. Shekara bakwai a haka ba ƙaramin abu ba ne: yaron da ya shigo yana ɗan shekara takwas ya fita yana saurayi bai taɓa riƙe fartanya ba.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba iri da taki a faɗin Borno, kuma hakan ya yi amfani. Amma iri ba ya tsiro a buhu. Garuruwan da sojoji ke tsarewa an kewaye su da rami, manomi ba ya wuce tazarar da aka ƙayyade masa. An taƙaita shuka dogayen amfani kamar dawa da masara a kusa da gari don kada mahara su ɓuya a ciki, an kuma sa ido sosai a kan takin yuriya saboda ana haɗa bam da shi. Wanda ya yi kasadar nisa kuwa, kisan manoman shinkafa na Koshebe a maƙwabciyar ƙaramar hukumar Jere a Nuwamban 2020 ya nuna abin da ke iya samunsa. Saboda haka abin da ya fi ƙaranci a Konduga shi ne gonar da za a iya zuwa a dawo lafiya, kuma wannan ba abu ne da ƙungiyar agaji za ta iya rabawa ba.

Gwamna Babagana Umara Zulum ya ɗauki matsayin cewa zaman sansani yana kashe zuciya. An mayar da mutanen Kawuri garinsu a 2020. A Disamban 2021 gwamnatinsa ta hana ƙungiyoyi rabon abinci a garuruwan da aka sake tsugunar da jama'a, a Agustan 2022 kuma aka rufe sansanonin Dalori. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta soki matakin a rahotonta na Nuwamban 2022, ta ce an jefa mutane cikin yunwa. A ganin wannan nazari, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Gwamnati ta yi daidai da ta ce kayan aro ba ya rufe katara. Masu suka kuma sun yi daidai da suka ce ba a yanke wa mutum abinci kafin ya girbe nasa. Abin takaicin shi ne, a daidai gaɓar da sharaɗin Faris ya buƙaci a zauna a tsara sauyi daga ciyarwa zuwa noma tare, sai kowa ya kama gabansa.

5.0 Darasin Alau

An gina madatsar Alau a tsakiyar shekarun 1980 domin ba Maiduguri ruwan sha da kuma noman rani. Ta taɓa yin ambaliya a 1994. A daren 9 ga Satumbar 2024, wayewar garin 10, ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri da Jere, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Manoman tumatir da albasa da masunta na bakin tafkin sun rasa abin dogaro. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta.

Madatsar mallakin Gwamnatin Tarayya ce, kula da ita ba nauyin baƙo ba ne. Amma abin lura shi ne, kusan shekara goma ana zuba kuɗin tallafi a kewayenta, ita kuwa kadarar da ta fi kowace iya mayar da mutanen Konduga masu ciyar da kansu tana lalacewa. Gyara da kulawa ba su da farin jini wurin kowa. Mai ba da tallafi yana son sabon gini da zai liƙa wa tambarinsa, ɗan siyasa yana son abin da zai yanke wa ƙyalle. Haka rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana ke mutuwa a ƙauyuka saboda famfo ya lalace, babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara, babu kuma asusun da za a taɓa.

Sai ga 2025. Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun hukumarta ta USAID a watan Janairu, a watan Yuli kuma Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas za su iya rasa agajin abinci. Shawarar da aka yanke a Washington ta isa tukunyar matar Konduga cikin 'yan watanni.

6.0 Shawarwari

Borno tana da tsarin ci gaba na shekara 25 da ta ƙaddamar a Nuwamban 2020, tana da hukumar daidaita ayyukan agaji tun 2019, ga kuma Hukumar Raya Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Tsari bai yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne masu ba da tallafi su yarda da alkawarin shekara uku zuwa biyar a cikin wannan tsari, su sa kuɗin gyara a kasafin kowane aiki tun ranar farko, su kuma miƙa aikin ga ma'aikatan ƙaramar hukuma da kwamitocin da lawanai da bulamai da mata ke ciki. Ita ma gwamnati kada ta janye abinci daga wani gari sai mutanensa sun yi girbi cikin tsaro.

Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Borno da su sa noman rani na ƙauyukan Konduga a cikin aikin sake gina Alau, su kuma bayyana wa jama'a hukumar da za ta riƙa kula da madatsar da adadin kuɗin da aka ware mata a kowace shekara.