Tsingaron Kirkisoy da Tukwanen Bura: Yaushe Kayan Aiki Ke Zama «Art»?

1. Gabatarwa

Manufarmu a wannan ƴar maƙala ita ce mu bi tarihin wata tambaya da ta shigo mana tare da harshen Faransanci: shin tukunya, ƙwarya ko tabarma «art» ne, ko kuwa «artisanat»? Za mu nuna cewa Hausa ba ta raba abubuwa ta wannan hanya, amma duk da haka rabon ya yi tasiri a kan kayan tarihin ƙasarmu.

2. Wurare biyu

Kirkisoy unguwa ce a Harobanda, hannun daman kogin Kwara, ba nisa da Jami'ar Abdu Mumuni. A nan aka tono wani mazaunin mutanen ƙarshen zamanin dutse, wanda Robert Vernet ya yi bayaninsa a littafinsa na 1996 a kan kudu maso yammacin Nijar. Abin da aka fi samu shi ne tsingaro: ɓaraguzan tukwane masu zane, waɗanda aka yi domin girki da ajiya. Masana suka kira su «matériel», wato kayan bincike. Tun da aka buɗe gadar Kennedy a 1970 gari ke ta faɗaɗa a wannan gefe, har sunan Kirkisoy ya koma na unguwa kawai a bakin jama'a.

Bura kuwa, a yankin Tera, an gano ta a 1975, Bube Gado na cibiyar IRSH ya haƙa ta a 1983. Tukwanen binne mamata ne, waɗansu da kawunan mutane ko mahaya doki. Bayan nunin «Vallées du Niger» da aka buɗe a Paris a 1993, sai kasuwar Turai ta sa musu sunan «art», kuɗinsu ya hau, masu haƙar sata suka faɗa wa yankin. Nijar ta kafa dokar kare kayan gado a 1997, a 2000 kuma ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Yumɓu ɗaya ne, wuta ɗaya ce. Wanda aka ba suna ya jawo ɓarayi, wanda aka hana suna an manta da shi.

3. Asalin rabon

A Latin, «ars» na nufin iya aiki, na maƙeri ko na mawaƙi. Sai a ƙarni na 18, musamman da littafin Charles Batteux na 1746, aka ware «beaux-arts», ayyukan da ake yi don kallo, daga waɗanda ake yi don amfani. Turawa da kansu sun girgiza wannan shinge: a 1917 Marcel Duchamp ya miƙa kaskon fitsari na shago ga wani nuni a New York. A 1988, a birnin dai, Susan Vogel ta baje ragar farautar Zande a naɗe, ƴan kallo suka ga kamar aikin wani gwanin zamani. Darasin shi ne: ɗaki da haske da takardar suna ke mai da abu «art», ba abin da kansa ba.

4. Abin da Hausa ke cewa

Masu fassara kan ce «fasaha». Kalmar daga Larabci take, asalinta iya magana, sa'an nan ta faɗaɗa zuwa basira, har a yau ta ɗauki ma'anar kimiyyar injuna. «Sana'a» ita ma Larabci ce, tana nufin aikin da mutum ke ci da shi. Ba ɗayansu da ke ware kyau daga amfani. Hausa aiki take suna: ƙira, saƙa, jima, dukanci, sassaƙa, ginin tukwane. Hukuncin kuma yana kan mai hannu: a ce wance gwana ce, wane ɗan koyo ne. Tulu mai kyan zane da ba ya sanyaya ruwa, ba a yabon magininsa.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san abin kallo ba. Mu dubi jere. Ana ɗora ƙorai masu zane bisa juna a ɗakin amarya, daga baya kwanonin tasa da na fenti suka gaje su. Ba a cin tuwo a cikinsu. Mata na shiga su gani, su yaba, su kushe. Ga kayan aiki an cire shi daga aiki, an ba shi wuri da ƴan kallo, tun ba a ji sunan Duchamp ba. Bambancin shi ne, jere na shaida darajar dangi, ba sa hannun mutum ɗaya ba.

Gidan tarihin Yamai, wanda aka kafa a 1959 da himmar Bubu Hama da Pablo Toucet, ya kusanci wannan fahimta, domin ya zaunar da maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a harabarsa. A Najeriya kuma, Ladi Kwali ta shiga cibiyar Michael Cardew ta Abuja a 1954 da gwanintar ginin randa da ta koya a gida. Duniya ta ce mata «artiste», alhali hannun bai sake ba.

5. Kammalawa

Shawararmu ga masu ƙamus da masu fassara ita ce kada a ƙirƙiro kalma guda don cike gurbin «art», domin babu gurbin. A sa kalmar aikin, a haɗa da «gwaninta» ko «ado» gwargwadon muhalli. Ga ɗalibai kuwa akwai aiki a kusa: su je wurin maginan Bubon da na Miriya su tattara kalmomin da suke yabon tukunya da su, cikin Zabarmanci da Hausa. Da waɗannan kalmomi ne za a iya karanta zanen tsingaron Kirkisoy a matsayin aikin gwanaye, ba sai kasuwa ta sa masa kuɗi ba.