Turbar Keke a Ƙasar Gobir: Zamanin da Mutum ke Tafiya Shi Kaɗai

Tozai gunduma ce a ƙaramar hukumar Isa, a gabashin Sakkwato, ƙasar da gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa su zama Rima, sannan gulbin Maraɗi ya dawo daga Nijar ya zuba a ciki. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Jigawa ta gero da dawa da wake ce, fadama kuma ta shinkafa da albasa da tattasai. Tsakanin ƙauye da ƙauye akwai turba siririya wadda ƙafa da kofaton jaki suka daddaɓe, wani wuri ta bi burtali, wani wuri ta ratsa gona. Mota ba ta son irin wannan hanya. Keke kuwa nan ne gidansa, kuma ya yi shekaru da dama yana mulkinta.

A Faransa akwai hanyar keke da ta bi kogin Luwar ta tsakiyar gonakin inabi, tsawon ɗaruruwan kilomita, mutane na biyan kuɗi su zo daga nesa don kawai su tuƙa cikin natsuwa. Manomin Isa ko Sabon Birni bai taɓa hawan keke don yawon buɗe ido ba. Kasuwa za shi, ko jana'iza, ko asibiti. Amma abin da baƙon Faransa yake saye da kuɗinsa, wato ya bi ta cikin gonaki shi kaɗai ba ya waiwaye, manomin nan ya same shi a araha na wani ɗan zamani. A ganina wannan zamanin ya cancanci a rubuta shi, domin gajere ne, kuma tsoro ne a gabansa, tsoro ne a bayansa.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, inda Bawa Jangwarzo ya yi sarauta, tana cikin ƙasar Sabon Birni ta yau. A 1808 rundunar jihadi ta ci ta, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. Gobirawa ba su ajiye makami ba. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can suka ci gaba da kai hari. Daga baya wani daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, wato garin tsaron iyaka. Saboda haka duk ƙarni na sha tara wannan yanki bakin daga ne, ba wanda ke tafiya sai a ayari.

Dajin Gundumi, wanda ya raba ƙasar Isa da Wurno, shi ne shaidar hakan. Baturen Birtaniya Kilafaton ya ratsa shi a 1824 da 'yan rakiya masu makamai, ƙishirwa ta kusa halaka wasu daga cikin mutanensa. Bajamushe Bat, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan a 1853, suka yi tafiyar dare da rana ba su yada zango ba don gudun maharan Gobir. Doki a lokacin na sarauta ne da yaƙi. Talaka sai ƙafa.

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa a baya, a 1885 aka fito da shi a birnin Kwabantiri na Ingila, tayar iska ta biyo baya a 1888. Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903, tsakanin 1906 da 1908 kuma suka kafa alamomin iyaka da Faransawa, Tsibiri ta faɗa wancan gefe, Sabon Birni ta tsaya a wannan. Yaƙi ya kwanta, ba don adalcin mai mulki ba, sai don ƙarfinsa. Abin da ya kawo keke ƙauye shi ne jirgin ƙasa, wanda ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa tasha, kayan kanti suka riƙa hawowa. Da farko keke na ma'aikatan En'e ne: masinjan hakimi, malamin makaranta, malamin gona, mai allurar shanu. Sannan manomin da ya yi kaka mai kyau ya fara saye.

A cikin kekuna Raleigh ita ce sarauniya. Baƙa ce, mai nauyi, birkinta na sanda, kuma tallanta na mutumin da ke tsere wa zaki ya zaga Afirka ta Yamma. Kamfanin har ya buɗe masana'anta a Kano. Akwai Hercules, daga baya Phoenix ta Sin ta shigo da sauƙin kuɗi ta cika ƙauyuka. A lokacin En'e na karɓar kuɗin lasin keke, a ɗaura ɗan ƙarfen shaida a jikinsa, ɗan doka ya tare wanda bai biya ba. Mai sabon keke yakan bar takardar kamfani a jikin ƙarfe wata da watanni, ya ƙara madubi biyu, ya naɗe sirdi da jar fata. Saurayi mai keke a dandali ba a haɗa shi da kowa.

Aikin da keke ya yi ya fi adonsa. Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi kan tara mutanen Isa da na Sabon Birni har da na ƙetaren iyaka. Tafiyar da mai jaki zai kwana a hanya, mai keke ya fita bayan sallar asuba, buhun wake a kariya, kaji a rataye a kai, ya yi ciniki ya dawo ya yi magariba a gida. Keke ba ya cin dusa, ba ya shan mai. In taya ta yi faci, akwai mai gyara a gindin bishiyar bakin kasuwa da kwanon ruwa da famfo da gam, kuma da yawa daga cikin masu keken su ke gyara abinsu. Mai ciki da naƙuda ta yi wa gardama, a keke ake goya ta zuwa bakin titi. Yara kuma suna da hayar keke ta minti-minti a ƙofar gari, a nan kowa ya koyi tuƙi, ya kuma goge gwiwa.

Hanyar tana da lokutanta. Da rani rairayi kan kama taya, sai a sauka a tura, shi ya sa gwani ke bin gefen turba inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Da damina laka ce a fadama, gulbi kuma ya cika, a ɗora keke a kwalekwale ko a saɓa shi a kafaɗa. Mafi daɗi shi ne bayan kaka, farkon hunturu: ƙasa ta bushe ba ta yi laushi ba, an girbe gero an buɗe sarari, mutum na hango rumbunan ƙauye na gaba tun daga nesa. Kuma keke abin sallama ne. Ba shi da ƙarar da za ta hana ka jin "barka da aiki" daga cikin gona, saukar gaisuwa ba ta da wuya. Mai keke kan iso gari da labarin ƙauye uku.

Babur ne ya fara ture keke. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji a tsakiyar shekarun 1970 sun sa ma'aikata sun koma Honda da Suzuki, sannan bayan shekarar 2000 baburan Sin da na Indiya masu araha suka mamaye karkara, kabu-kabu ya zama sana'ar samari. Ba laifi a nan, mara lafiya ya fi saurin isa asibiti. Sai dai babur ɗin nan shi ne ya zama abin hawan ɓarayin daji, goyon biyu ko uku da bindiga, suna bin turbobin da mota ba ta shiga, inda jami'an tsaro ba sa iya bin sawu.

A Mayun 2020 an kashe mutane da dama a rana guda a ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa na ƙasar Sabon Birni. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa Gundumi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya. A Disamba na shekarar aka ƙona matafiya a cikin mota a Gidan Bawa. Dubban iyalai suka ƙetara zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wajen dangin da iyakar Turawa ta raba su da su. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya. Dajin da Bat ya ratsa da fargaba a 1853 ya koma yadda ya same shi.

Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, keke ya fara dawowa titunan Kano da Katsina da Sakkwato, ma'aikata da ɗalibai suna kakkaɓe tsofaffin kekunan iyayensu. A Isa da Sabon Birni tsadar fetur ta fi ciwo, keke kuma ya dace da ƙasar fiye da ko'ina, amma wanda ke kansa ba ya iya tsere wa babur. Ƙauyuka da yawa sai sun tara kuɗi sun biya 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko girbi, gonakin nesa da gari sun koma saura, masu zuwa kasuwa kuma sun koma jiran juna a tasha su tafi a ayari, wani lokaci da rakiyar sojoji.