Lokacin da baƙi suka riƙe wa Kongo ragama

Mai zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari a Zariya ya san barikin Dafo, inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Da yawa daga cikin sojojin da Nijeriya ta tura Kongo a ƙarshen 1960 nan suka koyi fareti, kuma a lokacin ita kanta Nijeriyar ba ta cika wata uku da samun 'yanci ba.

Ranar 30 ga Yuni 1960 Beljiyam ta miƙa wa Kongo mulki, amma ta miƙa mata gida ne babu masu tsaronsa. Masu digirin jami'a a faɗin ƙasar ba su kai talatin ba, kuma babu hafsa ɗan ƙasa ko ɗaya a rundunar soja. Kwamandan rundunar, Janar Janssens, ya tara sojoji ya rubuta musu a allo cewa bayan 'yanci daidai yake da kafin 'yanci. Sai suka yi bore. Ma'aikatan Beljiyam suka tattara nasu ya nasu suka gudu, Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga mai arzikin tagulla ranar 11 ga Yuli.

Shugaba Kasavubu da Firayim Minista Patrice Lumumba suka nemi agajin Majalisar Ɗinkin Duniya. An ce tsaro aka zo taimakawa, amma da tafiya ta yi tafiya, asibitoci da filayen jirgin sama da hanyoyin sadarwa duk suka dogara da ma'aikatan Majalisar, dakarunta kuwa suka kusan kai 20,000.

Inda gizo ke saƙar shi ne watan Satumba. Kasavubu ya kori Lumumba, Lumumba ya ce shi ma ya tsige Kasavubu. Jami'an Majalisar suka rufe gidan rediyon Leopoldville, babban birnin ƙasar, da filayen jiragen sama, wai don kada wuta ta ruru. To amma Kasavubu na da rediyon Brazzaville a tsallaken kogi, Lumumba kuwa ba shi da inda zai yi wa jama'a magana. A ganina, duk mai riƙe da makullan rediyo a irin wannan rana ya riga ya ɗauki ɓangare, ko ya so ko ya ƙi. An kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu 1961.

Cikin hafsoshin Nijeriya, Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, da Murtala Muhammed, dukkansu tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, sun yi aiki a Kongo. Aguiyi-Ironsi ya jagoranci bataliya ta biyar ta sojan Nijeriya a can, daga baya ya zama kwamandan dakarun Majalisar na ƙarshe. A Yunin 1964 dakarun suka janye. A Nuwamban 1965 shugaban sojan Kongo, Mobutu, ya ƙwace mulkin ƙasar, wata biyu bayan haka Ironsi ya zama shugaban mulkin soja na farko a Nijeriya.