Waya a Aljihu da Zancen Haihuwa

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Sannu a hankali sabis ya iso Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, waya ta samu mazauni a aljihun wando, dab da maraina. Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗi a majalisu: anya abin nan ba ya rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa?

Zargin bai zo wa mutane a baƙo ba. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan-inna saboda jita-jitar hana haihuwa.

Sai dai maganar waya daga ɗakin bincike ta fito. A 2008 Dakta Ashok Agarwal na asibitin Cleveland a Amurka ya wallafa nazari kan maza 361, inda ya ga masu wuce awa huɗu kullum a waya maniyyinsu ya fi rauni. Amma dukkansu dama matsalar haihuwa ce ta kai su asibitin. A 2023 masana a Jami'ar Geneva suka duba samari 2,886, suka tarar masu taɓa waya fiye da sau 20 a yini ƙwayoyinsu sun ragu da kimanin kashi 21 cikin ɗari. Ajiye ta a aljihun wando bai nuna wani bambanci ba, alaƙar waya da ƙarancin ƙwayoyin kuma ta yi ta raguwa da aka tashi daga 2G zuwa 4G. Igiyar rediyon da waya ke fitarwa ba ta da ƙarfin hasken hoton ƙashi. Abin da aka tabbatar tana yi shi ne ɗan ɗumama nama, maraina kuwa ba sa son zafi.

Abin da ke damuna shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Hangum bayan balaga, ciwon sanyin da aka ƙi magani, da gubar dalma irin wadda ta hallaka yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, duk an san suna lalata maniyyi. Likitoci na ganin kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, gwajinsa kuma ya fi na mace sauƙi. Duk da haka, idan aure ya shekara uku shiru, matar ake fara kaiwa wurin mai magani, mijin kuma dangi su fara yi masa zancen ƙarin aure.