Kanta na Kabi: wanda ya san ruwa ya fi mai yawan dawaki

Daga nan Kudan nake gaishe ku, har da mutanenmu na Ikara da Makarfi.

Girkawa har gobe suna alfahari da Miyawulis, ɗan kasuwan teku da ya jagoranci jiragensu a yaƙin neman 'yanci da ya ɓarke a 1821. To mu ma muna da namu gwanin ruwan, kuma ya riga shi da shekara wajen 300. Sunansa Muhammadu Kanta.

A farkon ƙarni na 16 babu daular da ta kai Songhai ƙarfi a yankin nan. Askiya Muhammadu na zaune a Gao, Kanta kuwa yana cikin masu yi masa yaƙi, har suka je Agadas tare. Da aka dawo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya nuna cewa wajen 1516 zuwa 1517 Kanta ya yi tawaye. Askiya ya kawo masa yaƙi, ya koma bai samu galaba ba.

Yanzu ka tambayi kanka, ta yaya ƙaramar ƙasa ta gagari babbar daula? Duba inda Kabi take. Gulbi ne da fadama, in damina ta sauka ruwa ya malale ko'ina. Doki a cikin taɓo ai ya zama kaya, Kabawa kuwa masunta ne, kwalekwale abin hawansu ne tun suna yara. Ana ba da labarin cewa Kanta na da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mutum 50 ke tuƙa shi. Sannan ya gina birane masu ganuwa, Surame da Gungu da Leka. Kangon Surame na nan a Jihar Sakkwato, duwatsun ganuwarsa ba su gama rushewa ba.

Ƙarshensa fa? Masu tarihi sun ruwaito cewa yana dawowa daga yaƙin Barno aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, aka kai gawarsa Surame. A 1591 sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi, Kabi kuwa tana tsaye da ƙafarta.

Ɗan'uwa, Kanta bai tsaya yin gasar dawaki da Askiya ba, ya ja shi ne zuwa inda ya fi shi sani. In ka je Argungu kallon bikin kamun kifi, ka leƙa gidan tarihin Kanta, ka kuma kalli masu kwalekwalen nan da kyau.

Ku faɗa mana, wa kuke so mu kawo a shiri na gaba? Sai mun ji ku, a huta lafiya.