Dasƙarewar Dalma a Bututun Ƙaramar Bindiga: Nazari kan Girman Harsashi da Taurinsa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dalilin da ke sa harsashin dalma na zubi ya bar ɓurɓushinsa a bututun ƙaramar bindiga. Matsayarta ita ce rashin dacewar kaurin harsashi da faɗin bututu ya fi laushin dalma laifi.

Gabatarwa

A Amurka, inda zuba harsashi da ɗura shi cikin kwanso a gida ya daɗe da zama sana'ar sha'awa, wannan matsala tsohuwa ce. Harsasan farko na .357 Magnum, waɗanda suka fito a 1935, sun yi ƙaurin suna wajen shafe bututu da dalma. Daga nan ra'ayin cewa tauri ne magani ya samu gindin zama.

Tauri da iyakarsa

Ana auna tauri da ma'aunin Brinell. Dalma zalla tana kusan 5. Haɗin Lyman No. 2, mai kashi 90 na dalma, 5 na kuza, 5 na antimoni, yana kusan 15, na keken ɗab'i kuwa, wato linotype, kusan 22. Sai dai Elmer Keith, wanda ya tsara harsashin Lyman 429421, ya yi aiki da haɗin kuza ɗaya cikin dalma 16, mai laushi ƙwarai in an gwada da waɗannan, a manyan bindigogi kuma.

Abin da ke faruwa cikin bututu

Dalma tana narkewa a digiri 327.5 na Salshiyas, amma zaman harsashi a bututu bai kai ɗaya bisa ɗari na sakan ba, lokacin da bai isa ya narkar da jikinsa ba. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka bar rata. Iskar albarushi mai zafi takan kurɗa ta gefen harsashi, ta yayyanka shi, ta fesa ɓurɓushin a bangon bututu, sannan harsashin ya bi ta kai ya murje shi. Harsashi mai laushi yakan kumbura da matsin harbi ya toshe ratar. Mai tauri da bai cika bututu ba kuwa ba ya kumbura, don haka sau da yawa ya fi ɓarna. A ganina nan ne masu zubi da dama suke kuskure, suna ƙara antimoni alhali awo ne bai yi ba.

Shi ya sa ake tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin bututu a auna shi, a kuma sa harsashi ya ɗara faɗin tsagar bututu da inci 0.001: .356 ga 9mm, .452 ga .45 ACP. A libarba akwai ƙarin sharaɗi, domin idan maƙogwaron gangarta ya fi bututu ƙunci, ya matse harsashin tun bai shiga ba.

Wurin da dalmar ta taru shaida ne. Kusa da gindin bututu, matsalar awo ce. Kusa da baki, man shafin harsashi ne ya ƙare a hanya, ko da haɗin kakin zuma da Alox ne.

Batun ya wuce lalacewar saiti. Dalmar da ta taru tana ƙuntata bututu, matsi ya hau, kuma kamfanin Glock ya gargaɗi masu bindigoginsa game da harsashin dalma marar rufi. Ƙurar da ake kankarowa kuma guba ce, musamman ga yara, don haka kada a goge bututu a ɗakin da iyali ke zama.