Garin da Ba Shi da Ƙasa Ya Nemi Alƙali

A watan Afrilun 1968, tun ba a aika saƙon farko ta ARPANET ba, J.C.R. Licklider da Robert Taylor suka wallafa maƙala suna hasashen cewa kwamfuta za ta haifar da wata sabuwar al'umma, wadda sha'awar abu guda za ta haɗa mutanenta ko da garuruwansu sun yi nisa da juna. Mutanen biyu sun jagoranci ofishin binciken kwamfuta na hukumar ARPA ta Amurka a lokuta daban-daban, don haka ba da ka suka yi maganar ba. Hasashen ya tabbata. Sai dai an fi shekara ashirin kafin masu nazari su fuskanci tambayar da kowane mai unguwa ya saba da ita: idan wani ya yi ɓarna, wa zai hukunta shi?

Masu binciken farko sun fi damuwa da ko zumunci zai ƙullu ta rubutu zalla. Starr Roxanne Hiltz, masaniyar zamantakewa, da Murray Turoff sun nazarci masana kimiyya da ke tattaunawa ta manhajar EIES a jihar New Jersey, suka fitar da littafin The Network Nation a 1978. Bayan shekara bakwai, Stewart Brand da Larry Brilliant suka buɗe dandalin WELL a Sausalito ta jihar Kalifoniya, kuma daga zaman da Howard Rheingold ya yi a cikinsa littafinsa The Virtual Community ya fito a 1993. Rheingold ya ba da labarin mutanen da suka riƙa taya juna jinya da ta'aziyya, ya gamsar da masu karatu da yawa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne WELL ba ta yarda mutum ya ɓuya ba, kowa yana biyan kuɗi, an kuma san sunansa na gaskiya, sannan wasu daga cikin masu kula da ita sun yi shekaru suna zaman gandu a wata gonar haɗaka a Tennessee, sun ƙware a sasanta rigima. Zaman lafiyarta yana da masu tsaro.

Inda abin ya fito fili shi ne LambdaMOO, wani gida na rubutu zalla da Pavel Curtis, ma'aikacin cibiyar bincike ta Xerox, ya kafa a 1990. Mutum yakan zaɓi laƙabi, ya shiga falo ko madafa, ya yi hira. Masu iko da manhajar su ne kaɗai ke iya korar wani. Da ƙararraki suka ishe su, sai Curtis ya sanar a watan Disambar 1992 cewa sun tsame hannunsu daga shari'ar jama'a, aikinsu gyaran na'ura kawai. Wata uku bayan haka, wani mai laƙabin Mr. Bungle ya yi amfani da wata dabarar manhaja ya riƙa rubuta ayyukan batsa da sunan wasu mazauna gidan a bainar jama'a, su kuwa ba su da ikon hanawa. Ba a taɓa jikin kowa ba, amma waɗanda aka yi wa sun ce tozarcin ya taɓa su a zahiri.

Aka kira taro. Aka shafe sa'o'i ana muhawara tsakanin masu son a kore shi, da masu cewa babu dokar da ya karya tunda ba a kafa doka ba, da masu ƙin kowace irin hukuma. Aka watse ba matsaya. Sai ɗaya daga cikin masu iko ya share asusun Bungle bisa raɗin kansa, wato hukuncin farko na garin da ya ce ba ya son sarki ya fito ne daga hannun mutum guda. Julian Dibbell ya rubuta labarin a jaridar Village Voice a ƙarshen 1993. Curtis ya kawo tsarin ƙorafi da ƙuri'a, amma gardama ta yi yawa har a 1996 masu iko suka karɓe ragamar da suka saki.

Daga nan bincike ya sauya alƙibla. A 1996 Peter Kollock da Marc Smith suka ɗauko aikin Elinor Ostrom, wadda ta nazarci yadda manoma da makiyaya da masunta ke kula da dukiyar gamayya, suka auna zaurukan intanet da shi. Ostrom ta gano cewa gamayyar da ke ɗorewa tana da iyaka sananniya, mambobinta na da hannu a kafa doka, horonta kuma hawa-hawa ne. Duk wanda ya san yadda ake raba ruwan fadama ba zai yi mamaki ba.

Wikipedia, da aka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001, ta ɗauki darasin, wataƙila ma ta zarce. Yawan editocin sashenta na Ingilishi ya kai ƙololuwa a 2007, sannan ya fara raguwa. A 2013 Aaron Halfaker da abokan aikinsa suka nuna cewa nagartar sababbin shiga ba ta ragu ba. Abin da ya ƙaru shi ne yadda manhajojin da aka girka don kama maɓarnata ke soke gyaran farko na baƙo mai kyakkyawar niyya, su aika masa da gargaɗin da ba mutum ne ya rubuta ba, kuma wanda aka tarba da haka bai cika dawowa ba.